Yadda ake ɗura wa dutsen ofal rezin kafin a goge shi

Ofal ba kamar sauran duwatsun ado yake ba. Sinadarin silika ne da ruwa a jikinsa, galibi kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, taurinsa kuma bai wuce 5.5 zuwa 6.5 a ma'aunin Mohs ba. Wani yakan zo a dunƙule, a yanka shi a goge ba tare da wata dabara ba. Wani kuwa cike yake da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, ko kuma launin nasa yana warwatse ne a cikin dutsen yashi ko dutsen tama mai rugurgujewa. Irin wannan in ka kai shi kan faifan wasawa sai ya riƙa zubewa, ya yi ramuka, ƙyalli ya ƙi zama. Shi ake ɗura wa rezin, wato wani gam mai ruwa-ruwa da ke daskarewa ya yi tauri, domin ya cike ƙofofin, ya ɗaure ƙwayoyin dutsen wuri guda.

Sai dai ba kowane ofal mai shan ruwa ne ke bukatar wannan aiki ba. Wanda ake haƙowa a Wollo ta ƙasar Habasha, wanda aka gano a 2008 kusa da Wegel Tena, yana shan ruwa sosai har ya manne wa jiƙaƙƙen yatsa, amma mai kyau daga cikinsa yana ɗaukar ƙyalli haka nan da kansa. Ɗura masa rezin asara ce, don darajarsa faɗuwa take yi, launinsa ma yana iya dushewa har abada. Waɗanda suka cancanci aikin su ne masu laushi kamar alli, da na cikin dutsen yashi, da irin na Kuyinsilan ta Ostareliya da ke zuwa a jikin dutsen tama mai ramuka. Wanda kuwa ya riga ya tsattsage don bushewa, rezin zai ɓoye tsagar ya riƙe shi, amma ba zai mai da shi lafiyayye ba.

Gwaji kafin a taɓa rezin

Launukan da ke wasa a cikin ofal suna fitowa ne daga ƙananan ƙwallayen silika da suka jeru a tsare, da kuma abin da ke tsakaninsu. Iska ce a ciki, ko ruwa, ko rezin, kowanne da yadda yake karya haske: iska 1.0, ruwa 1.33, shi ofal ɗin wajen 1.45, rezin kuma tsakanin 1.50 da 1.55. Saboda haka da zarar ka sauya abin da ke cikin ƙofofin, kamannin dutsen za su sauya. Ɓallo ɗan guntu, ka auna shi a sikelin da ke karanta giram 0.01, ka jiƙa shi awa ɗaya, ka sake aunawa. Ƙarin nauyin zai nuna maka yawan ƙofofinsa. Sannan ka dube shi a jiƙe. In launi ya ƙara fitowa, alama ce mai kyau. In ya zama garau kamar gilashi launin ya ɓace, to ka yi hattara: ruwa zai bushe launi ya dawo, rezin kuwa in ya shiga ya shiga ke nan. Gwajin ruwa nuni ne kawai. Guntun nan za ka fara bi da shi ta dukan matakan, ka ga sakamako, kafin ka sa babban dutsen.

Yanka, wanki da busarwa

Rezin ba ya nisa a cikin dutse. Sau da yawa 'yan milimita kaɗan yake ratsawa. Don haka ka fara yanka dutsen falle-falle, kaurin milimita 5 zuwa 8, ko ka fitar da siffarsa sama-sama. In laushinsa ya kai yadda zarto zai farfasa shi, a ɗura masa sau ɗaya a dunƙule, a yanka, sannan a maimaita wa fallayen.

Da ruwa zalla za ka yi yankan. Man zarto shi ne babban abokin gabar wannan aiki, domin dutse mai ƙofofi yana zuƙe shi ya riƙe, kuma rezin ba ya kama wurin da mai ya taɓa. In dutsen ya riga ya sha mai, ka jiƙa shi a asiton, wani sinadari mai narkar da mai, cikin kwalbar gilashi mai murfi, kana sauya asiton ɗin kullum har ya daina gurɓata. Hanyar ganewa: ɗiga ɗigo ɗaya a kan madubi mai tsabta, ka bar shi ya bushe. In ya bar zoben maiƙo, da saura. Asiton yana kama wuta nan da nan, yana kuma tafasa a digiri 56, saboda haka ba a ɗumama shi, ba a aiki da shi kusa da wuta ko a rufaffen ɗaki.

Busarwa ce inda yawancin aiki ke lalacewa, kuma gaggawa ce ke jawo hakan. Ƙofar da ruwa ya cika ba ta da gurbin rezin, ɗan danshin da ya saura kuma shi ke sa efoksi, wato rezin da ake haɗawa da sinadarin daskarwa, ya yi fari-fari kamar hazo a cikin dutsen. Amma in ka busar da ofal da sauri, bayansa zai bushe ya tsuke alhali cikinsa na nan a jiƙe, sai ya tsage. Bar shi a inuwa, cikin mazubin da ba a rufe ruf ba, kamar mako guda. Daga nan ka mai da shi mazubi mai rufuwa sosai tare da ƙwayoyin silika masu shanye danshi. Auna shi kullum ka rubuta. Sai nauyin ya tsaya cak kwana uku a jere ne za ka ce ya bushe. In dole sai ka sa zafi, kada ya haura digiri 50, ya hau a hankali, ka kuma bar dutsen ya huce a cikin tandar a rufe. Dutsen da ya tsage a wannan mataki da ma zai tsage a gaba, gara ya nuna halinsa tun ba a ɓata masa rezin ba.

Wane rezin

Abin nema shi ne mai ruwa-ruwa, garau, mai jinkirin daskarewa, wanda ba ya komawa rawaya. Efoksin nan mai kamawa a minti biyar ba shi da amfani a nan. Kafin ya ratsa ya riga ya yi kauri.

HXTAL NYL-1 shi ne zaɓin da ya fi dacewa da dutse mai daraja. Ana haɗa kashi 3 na rezin da kashi 1 na sinadarin daskarwa, a nauyi ba a ido ba, yana kuma ɗaukar kwana bakwai kafin ya yi mafi yawan ƙarfinsa a zafin ɗaki na wajen digiri 25. Jinkirin nan shi ne amfaninsa. Opticon 224 kuwa ana ɗumama shi ne ya tsinke ya shiga, sannan a shafa sinadarin daskarwa a sama. Ya fi dacewa da tsaga. Matsalarsa ita ce fatar sama kawai ke daskarewa, in ka wasa ta wuce sai ka tarar da danƙo a ciki. Akwai kuma tsohuwar hanyar masu yankan dutse: a narka Epoxy 330, ɓangarorinsa biyu daidai wa daida, kimanin mililita 30 gaba ɗaya, a cikin rabin lita na asiton, a jiƙa dutsen kwana 7 zuwa 10 a rufe, a fitar a bar shi ya sha iska mako guda ko fiye. Yana shiga da nisa, amma in asiton ya tashi rezin kaɗan ne ke saura, don haka yana ɗaure ƙwayoyi ne, ba ya cike rami. Wannan haɗin ba a sa shi a tukunyar zuƙe iska, wato rufaffiyar tukunyar da famfo ke janye iskar cikinta wurin ɗurawa, domin asiton zai tafasa ya lalata famfon. Irin rezin da ake ɗura wa katako, mai daskarewa a wajen digiri 90, zafinsa ya yi wa ofal yawa.

Ɗurawa

Sa safar hannu ta roba, domin efoksi yana jawo ƙaiƙayin fata da ba ya barin mutum in ya kama shi. Auna ɓangarorin biyu a sikeli, misali giram 15 da giram 5 in HXTAL ne, ka juya a hankali minti uku kana kankare gefen kofin da gindinsa. Haɗin da bai juyu ba shi ke barin wani wuri da danƙo ko bayan wata guda. Kofin ya zama ƙarami a faɗi yadda rezin kaɗan zai rufe dutsen da kamar santimita ɗaya, amma mai tsawo, ninki uku na abin da ke ciki, saboda kumfa.

Fara sa rezin shi kaɗai a tukunyar ka zuƙe iskar da ta shiga wurin juyawa. Sannan ka nutsar da dutsen, ka kunna famfo, ka riƙa jan iskar sannu-sannu. Kumfa za ta taso. In ta kusa baki ka ɗan buɗe bawul ta faɗa, ka ci gaba har ma'auni ya kai wajen inci 29 na zuƙar iska (inHg). Riƙe shi nan har ƙananan kumfa su daina fita daga jikin dutsen, abin da kan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu. In ka ga kumfar ta ƙi ƙarewa, yawanci ba iska ba ce, ruwan cikin dutsen ne ke tafasa, wato bai bushe ba.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi: lokacin da famfo ke aiki rezin ba ya shiga, iska ce kawai ke fita. Sai ka saki iskar waje ta dawo ne nauyinta ke tura rezin cikin ƙofofin da suka zama wayam. Don haka kada dutsen ya leƙo sama ko kaɗan a wannan lokaci, in ya leƙo iska zai sake sha. Saki bawul a hankali, ka bar dutsen a nutse aƙalla ninki biyu na lokacin da ya yi ana zuƙa. Mai tukunyar matsi da aka ƙera don wannan aiki yana iya ƙara masa matsin iska na bar 3 zuwa 4 (bar awon matsi ne).

Fitar da shi kafin rezin ya fara kauri, ka share na sama da tsumman da ba ya zubar da zare, amma ba da asiton ba, don zai janyo wanda ya shiga. Ɗora shi a kan ledar foliyetilin ko faifan silikon, waɗanda efoksi ba ya mannewa, ka kife masa kofi saboda ƙura. In ya gama daskarewa ka auna shi. Ƙarin nauyi a kan na bushewa shi ne shaidar cewa ya sha.

Wasawa da gogewa

Kada ka taɓa faifai sai kwanakin daskarewa sun cika. Rezin da bai nuna ba yana toshe faifan daimon, yana kuma tsigewa daga ramuka. Wurin kafa dutsen a kan sandar da za ka riƙe shi da ita lokacin wasawa, ka guji kakin da ake narkawa da wuta. Yi amfani da gam mai sanyi, in an gama ka yanke sandar ka wasa gindin, maimakon jiƙa shi a asiton.

Fara da faifai mai lambar kaushi 280, ba 80 ba, sai 600, 1200, 3000, da ruwa mai yawa da hannu mara nauyi. Ba a wasa ofal a bushe, ƙurar silika tana lalata huhu. Bayan 600 ka tsaya, ka busar, ka duba da madubin ƙara girma ninki goma. In sabbin ramuka sun buɗe, ka wuce inda rezin ya kai; ɗiga musu rezin, ka jira ya daskare, ka koma 600. A ƙarshe ka goge da garin seriyam a kan fata mai danshi, ko daimon lamba 14,000 zuwa 50,000, faifai na juyawa a hankali. Rezin ya fi ofal laushi kuma zafi yana sa shi saki, don haka in ka danna da ƙarfi ko ka bar fatar ta bushe, zai lotsa ƙasa da dutsen, fuskar ta fito gargada-gargada kamar ɓawon lemo. Kana taɓa dutsen da yatsa akai-akai, in ya yi ɗumi ka dakata.

In za ka sayar, ka faɗa wa mai saye cewa an ɗura masa rezin, ka kuma rubuta a takardar ciniki. Ɗakunan gwajin duwatsu suna gano shi cikin sauƙi. Ka gaya masa kada ya kusantar da shi ga asiton, ruwan zafi ko injin wanke kayan ado mai girgiza, ya tsaya ga tsumma mai laushi da ɗan danshi.