Darasi na Tara: Cike Takardar Haraji Karon Farko a Kanada

Wanda ya sauka Kanada da niyyar zama, ya kama haya, ya kawo iyalinsa, ya shiga lissafin hukumar haraji tun daga wannan rana. Hukumar ita ce ake kira CRA. Ba ruwanta da irin bizar da ke cikin fasfonka. Abin da take dubawa shi ne ko ka kafa zama: gidan kwana, mata ko miji, da 'ya'yan da kake ɗawainiya da su. Asusun banki, lasin tuƙi da katin lafiya na lardi suna ƙara wa hujjar ƙarfi. Shi ya sa ɗalibi da mai takardar aiki ta wucin gadi su ma sukan shiga ciki.

Ka rubuta ranar shigowarka ka adana, domin ita ce ta raba shekararka ta farko gida biyu, kuma kusan duk lissafin da zai biyo baya a kanta ya rataya. A shafin farko na fom ɗin haraji, wanda ake kira T1, akwai gurbin da aka ware mata.

Wa'adi

Shekarar haraji tana farawa 1 ga Janairu, ta ƙare 31 ga Disamba. Ana miƙa takarda zuwa 30 ga Afrilu na shekara mai biye. Mai sana'ar kansa an ɗaga masa ƙafa zuwa 15 ga Yuni, amma a nan mutane da yawa ke faɗawa rami: takardar ce kawai aka ɗaga, kuɗin da ake binka tilas a biya zuwa 30 ga Afrilu, in ba haka ba kuɗin ruwa ya fara hawa. Wanda ya makara alhali ana bin sa bashi, tararsa kashi 5 cikin 100 na bashin, sannan a ƙara kashi 1 a kowane cikakken wata har wata 12. Ko ba ka da kuɗin biya a hannu, miƙa takardar a kan lokaci, ka tsira daga tara, sannan ka nemi a tsara maka biya kaɗan-kaɗan.

Abin da za ka tara

Na farko lambar SIN, wato lambar shaidarka ta aiki da haraji, mai alƙaluma tara, wadda ofishin Service Canada ke bayarwa. Sai takardar T4 daga kowane wurin da ka yi aiki. Doka ta ce ta iso hannunka zuwa ƙarshen Fabrairu. Ɗauko ta ka duba da kyau. Akwati na 14 jimlar albashinka ce. Akwati na 22 harajin da aka riga aka yanka tun kafin albashi ya shigo. Na 16 da na 18 kuɗin fansho ne da inshorar rashin aiki. Kwatanta su da takardar albashinka ta ƙarshen Disamba. In ka ga saɓani, koma wa mai aikin ya gyara, kada ka gyara da birunka. Ɗalibi ya karɓi T2202, takardar shaidar kuɗin karatu, daga makaranta. Rasit na magani, na renon yara da na sadaka ga ƙungiyoyi masu rajista duk a haɗa su wuri guda, a ajiye su shekara shida ko bayan an gama.

Mazaunin Kebek aikinsa biyu ne: takarda ɗaya ga CRA, ɗaya ga hukumar lardin, Revenu Québec. Lardin da kake zaune ranar 31 ga Disamba shi ne lardinka na haraji, ko da ka shekara a wani.

Kuɗin waje

Daga ranar da ka zama mazauni, duk abin da ya shigo maka daga ko'ina a duniya sai ka bayyana shi: hayar gidan da ka baro, ribar kasuwanci, kuɗin ruwa na banki, fansho. Ana mayar da su dalar Kanada bisa farashin canjin Babban Bankin Kanada. Idan ƙasar da kuɗin ya fito ta riga ta karɓi nata haraji, cike fom T2209 a rage maka, don kada a yi maka aski biyu a kai ɗaya. Amma sai da shaidar biya. Ajiyar da ka zo da ita a asusunka ba samu ba ce, ba a yanka mata haraji.

Abin da ka samu a waje kafin ka shigo, shi ma ba a taɓa shi. Duk da haka za a tambaye ka nawa ne, kuma wasu sukan tsorata su rubuta sifili. Kuskure ne. Da wannan adadi ake auna rangwame da tallafinka, kuma ƙarya a nan tana dawowa da bashi.

Ga yadda lissafin yake. Kowane mazauni yana da wani kaso na samunsa da gwamnatin tarayya ba ta karɓar haraji a kai. A 2024 dala 15,705 ne ga yawancin mutane. Sabon zuwa kuwa gwargwadon kwanakinsa ake ba shi. Wanda ya shigo 1 ga Satumba 2024 ya yi kwana 122 cikin 366, wato sulusin shekara cif. Rabonsa dala 5,235 ke nan. Idan ya rubuta cikakken adadin, za a mayar masa da kuɗi mai kauri, ya yi murna, bayan 'yan watanni wasiƙa ta zo a ce ya dawo da shi har da kuɗin ruwa. Ana ba da cikakken kason ne idan kafin shigowarka ba ka samu komai ba a wannan shekara, ko kuma kashi 90 cikin 100 na abin da ka samu a lokacin daga Kanada ya fito.

Mai kadara a waje, gida ko fili ko hannun jari, ya nemi a ƙiyasta masa darajarta a ranar da ya shigo, a rubuce. Duk ranar da ya sayar, daga wannan daraja za a fara lissafin riba. Kadarar waje da jimlar kuɗinta ta haura dala 100,000 tana da fom nata, T1135; wadda kake da ita tun kafin ka shigo, da darajarta ta ranar shigowarka ake lissafi. Ba a neman sa a shekarar farko, daga ta biyu ake farawa, kuma tarar mantuwa dala 25 ce kullum har ta kai 2,500. Gidan da kai kaɗai da iyalinka kuke amfani da shi ba ya cikin wannan.

Ko ba ka samu ko sisi ba

Cike takardar. Da ita ake lissafa tallafin yara 'yan ƙasa da shekara 18 da rangwamen harajin sayayya. Na yara ana nemansa da fom RC66, na sayayya da RC151, kuma ba sai an jira Afrilu ba. Mai takardar zama ta wucin gadi sai ya cika wata 18 kafin ya cancanci tallafin yara. Miji da mata kowa da takardarsa, kowace shekara. Sau da yawa maigida ne ke cikewa, a bar uwargida don wai ba ta aiki. Watan Yuli na zuwa, lokacin da ake sabunta lissafi, sai kuɗin yara ya tsaya cak.

Miƙawa

Ana iya turawa ta intanet da manhajar da CRA ta amince da ita, wasu kyauta ne, ko a aika ta gidan waya. Ta intanet amsa takan zo cikin kamar mako biyu, ta takarda ta fi daɗewa sosai. Masu ƙaramin samu da lissafi mara sarƙaƙiya suna da masu aikin sa-kai da ke cike musu kyauta a watannin Maris da Afrilu. In ka biya wani ya cike maka, karanta kafin ka sa hannu. Wanda ya yi maka alkawarin kuɗi mai yawa tun bai ga takardunka ba, guje shi, garin neman gira kada a rasa ido; alhakin abin da aka rubuta a wuyanka yake.

Mai aiki biyu kada ya yi mamaki in ya ga ana bin sa. Kowane mai aiki yakan yanka kamar shi kaɗai ke biyanka, sai rangwamen ya zama an ci shi sau biyu. Maganinsa a fom TD1 na aiki na biyu yake, wato fom ɗin da mai aiki ke dubawa ya san harajin da zai yanka: ka nuna kana da wani aikin.

Bayan an duba, CRA za ta aiko da takardar sakamako. In ka gano kuskure, kada ka sake tura sabuwar takarda. Jira sakamakon ya zo, sannan ka nemi gyara da fom T1-ADJ ko ta asusunka na intanet. Duk wanda ya bugo waya yana barazanar kamu ko kora daga ƙasa, yana neman a biya da katin kyauta ko kuɗin kirifto, ɗan damfara ne. Kashe wayar.

Gwaji

Wata mata ta shigo Kanada 1 ga Yuli 2024, bayan ta yi aikin albashi a ƙasarta daga Janairu zuwa Yuni. Ƙirga kwanakinta zuwa 31 ga Disamba. Nawa ne rabonta daga dala 15,705? Albashin wata shidan nan, za a yanka masa haraji a Kanada? A ina zai yi amfani?