Yadda Ake Shirya Zaman Karanta Labari ga Yara Masu Buƙata ta Musamman a Laburare

Zaman karatun labari da aka saba yi a laburare yana buƙatar yaro ya zauna shiru ya saurara, kuma wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya hana yara masu galahanga (lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane), da masu raunin ji ko gani, halarta. Akwai tsarin da ke isar da labari ta hanyar taɓawa da motsi da gani, ba ta kunne kawai ba.

Da farko, a tuntuɓi iyaye tun kafin ranar, a ji abin da ke firgita yaro da abin da ke kwantar masa da hankali. Kada yaran su wuce goma, kowanne da babban da ke kula da shi, kuma minti 30 sun wadatar.

Sai a gyara ɗakin. A rage haske, musamman na dogayen fitilun nan masu ƙyaftawa, a bar hanyar keken guragu a buɗe, sannan a ware kusurwa mai shiru inda yaron da hayaniya ta dama zai je ya huta ba tare da neman izini ba.

Mataki na uku shi ne mafi muhimmanci, ko da yake ba ya cin kuɗi. A jera hotuna a allo masu nuna abin da za a yi bi da bi: gaisuwa, waƙa, labari, motsa jiki, sallama. Duk abin da aka gama sai a cire hotonsa a gaban yaran. Yaro mai galahanga yakan fi natsuwa idan ya san abin da ke tafe, don haka a riƙe tsari ɗaya da waƙar buɗewa ɗaya a kowane zama, ko da manya sun gaji da ita.

Wajen zaɓen littafi, a nemi mai gajerun jimloli da maimaici. Idan labarin ya ambaci tsuntsu, a miƙa gashin tsuntsu su shafa, amma kada a tilasta wa wanda ya ƙi. A guji turare mai ƙarfi. A tanadi rubutun makafi na Braille da mai fassara da maganar hannu idan da masu buƙata.

Yaron da ke zagaya ɗaki ko kaɗa hannuwa yana iya kasancewa yana saurare, saboda haka mai karatu ya ci gaba, kada ya tsawata. Bayan sallama a bar musu ɗan lokacin wasa, a tambayi iyaye abin da ya kamata a sauya a zama na gaba.