Idan Aka Bugi Motarka Aka Gudu

1. Kada ka bi direban da ya gudu. Zuciya za ta ɗebe ka, amma tsere a titi na iya jawo haɗari na biyu, kuma a lokacin kai ne da laifi. Gangara gefe, ka duba ko wani ya ji rauni. In akwai, kira 122 na hukumar kiyaye haɗurra ko 112, lambar kiran gaggawa ta ƙasa.

2. Rubuta lambar motar nan take, ko da rabinta ka gani, da launinta da hanyar da ta nufa. Ɗauki hoton ɓarnar da fasassun gilasai a ƙasa. Masu shago da 'yan adaidaita na kusa sukan ga abin da ya wuce maka, karɓi lambar wayar mutum ɗaya ko biyu.

3. Je ofishin 'yan sanda mafi kusa a ranar, ka nemi rahoto a rubuce. Bayanin baki ba ya amfani wajen kamfanin inshora.

4. Sanar da kamfanin da wuri, kafin bakanike ya taɓa motar, domin sai sun duba ta da kansu.

A nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. Ƙaramar inshorar nan ta naira 15,000 da doka ta wajabta, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har naira miliyan 3. Motarka kuwa sai cikakkiyar inshora. In ƙaramar gare ka, sai dai a gano wanda ya gudu, a bi ta kan tasa inshorar.