Ku karanta kuɗin Ethereum da BigInt

'Yan uwa masu haɗa manhaja da nod (kwamfutar da ke riƙe da bayanan sarƙar) na Ethereum, in kun tura eth_getBalance (umarnin tambayar kuɗin da ke cikin asusu), ku juya amsar da BigInt, nau'in JavaScript na manyan lambobi, ban da parseInt, wanda Number yake bayarwa.

Amsar tana zuwa ne a wei, mafi ƙanƙantar ma'aunin Ether (kuɗin Ethereum), da hex (rubutun lamba mai tushe 16) mai farawa da 0x. Ether ɗaya kuwa wei ne 1 da sifiri 18. Number na JavaScript daga adadi mai tsawon lambobi 16 yake fara gutsure na ƙarshe, shiru, ba gargaɗi.

Kwana 2 na yi a shagonmu na Samaru ina laluben inda lissafi ya karkace, ga data tana ta ƙonewa.

Amma fa JSON.stringify, mai mayar da bayani rubutu don turawa, ba ya karɓar BigInt, sai kun mayar da adadin hex kafin turawa. Bitcoin Core, manhajar nod ta Bitcoin, kuma da ɗigo yake ba da adadi, can dabarar ba ta ci.