Yadda Ake Tsara Gidan Haya Mai Mutane da Yawa a Katsina

Yawancin rigimar 'yan haya, daga layin banɗaki da asuba zuwa gardamar kuɗin wuta, tun a takardar zane ake dasa ta. Mai fuloti yakan cika filin da ɗakuna, abin da ya rage a lungu ya ce a yi makewayi. Daidai shi ne a fara zana wuraren tarayya, wato banɗaki, madafi, ruwa da tsakar gida, sannan a ga ɗakuna nawa za su shiga.

A fuloti mai ƙafa 50 da 100, irin wanda ake ginawa ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima a wajen Batagarawa ko kusa da kwalejin Hassan Usman, ɗakuna 8 masu ƙafa 12 da 12 sun isa, huɗu a kowane gefe. Idan an bar ƙafa 5 tsakanin bango da katanga hagu da dama, tsakar gida za ta samu kusan ƙafa 14. Wanda ya dage sai ɗaki 12, wannan tsakar gidan ce zai cinye, ita kuwa ce ke jawo iska, a cikinta ake shanya. Kafin a buga bulo, a kai zanen hukumar tsara birane ta jiha, don su ne ke da tazarar da za a bari daga titi.

Zafin Maris zuwa Mayu shi ke hukunta mummunan tsari. Bangon yamma yana shan rana daga azahar har magariba, cikin dare ya riƙa amayo zafin a ɗaki. A nan ake sa banɗaki, sito da matakala. Tagogin ɗakuna su kalli kudu da arewa in fili ya ba da dama, kowane ɗaki da taga biyu masu fuskantar juna. Bangon waje bulo mai inci 9, silin ƙafa 10 daga ƙasa, a kuma bar ƙofofin iska masu raga tsakanin silin da kwano. Tagar arewa ta zama mai rufuwa ruf saboda ƙurar hunturu.

Banɗaki ɗaya ga mutum 4 ko 5, kuma a raba wurin wanka da masai, don mai wanka kada ya tsare mai uzuri. A daɓa ƙasan da gangara zuwa magudana, a zuba bokiti ɗaya a gwada kafin birkila ya karɓi kuɗinsa. In ruwa ya kwanta a kusurwa, bayan damina biyu fentin ɗakin da ke manne zai fara ɓarewa. Wurin alwala a waje, da famfo biyu da dakalin zama. Ramin masai ya yi nisan ƙafa 50 aƙalla daga rijiya, har da rijiyar maƙwabci, kuma a inda tiyon motar kwashewa zai kai.

Mutum 16, wato biyu a kowane ɗaki, a kan lita 50 kowanne suna shan lita 800 a yini, don haka tankin lita 2,000 zai kai kwana biyu. Cike yake da nauyin tan 2, kada a ɗora shi a kan abin da injiniya bai lissafa ba. Wuta kuma, layin kamfanin lantarki na KEDCO ɗaya ne, amma kowane ɗaki da ƙaramar mitarsa, mai hita ya biya nasa.

Madafi ya samu kabad mai kwaɗo ga kowane ɗaki, tukunyar gas kuma a keji a waje, inda iska ke kaɗawa.

Batun sutura ba a wasa da shi a garin nan. Hanyar zaure ta karya kwana, ta yadda mai wucewa ba zai hango tsakar gida ba, baƙo kuma ya tsaya a nan, babura a gefe. In bene ne, tagar da ke kallon gidan maƙwabci ta fara daga ƙafa 6 sama da daɓe. Wanda ya manta wannan, maganar takan kai gaban mai unguwa, a ƙarshe a toshe tagar da bulo, ɗakin ya rasa iska.