Yadda za ki zauna da wanda ya tsero da firgici a zuciya

Ni ba likita ba ce. Tun 2015, lokacin da mutanen Baga suka tsere wa harin Boko Haram, suka tsallako tafkin Cadi a kwale-kwale aka sauke su a sansanin 'yan gudun hijira na Dar es Salam kusa da Baga Sola a ƙasar Cadi, nake zama da matan da barci ya ƙaurace wa.

Kada ki tono labari. Nan na fara yin kuskure: na tambayi wata dattijuwa, "Iya, me ya faru ranar?" Kwana uku ba ta ƙara ɗaga ido ta kalle ni ba. Yanzu sallama nake yi, in zauna gefen tabarma, in tambayi abin da ya dame ta yau. Sau da yawa katin abinci ne, ko ɗan da aka rabu da shi a hanya. Wannan sai in raka ta wurin ma'aikatan Red Cross masu neman dangi. Labarin kuwa, in ta ga dama ta ba ni wata rana. Kuma ki riƙe "ki yi haƙuri, ƙaddara ce" tukuna. Gaskiya ce, amma in ta zo da wuri, rufe wa mutum baki take yi.

Ƙarar babur kan tayar wa wasu hankali, don a kan babura aka zo musu. In jikin mace ya hau rawa, kada ki rungume ta ba zato, kada a taru a kanta. Ki kira ta a hankali: "Iya, nan Cadi ne, ga jikarki, ga tukunyarki a wuta." Ta ɗora hannu a ciki, ta ja numfashi sannu, ta sake shi sannu, ke ma kina yi tare da ita.

Kalmar hauka kuwa kada ta fito daga bakinki. Ki ce yawan tunani, ko firgita. In suna zuwa wurin malam, ban taɓa hanawa ba; addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Abin da nake hanawa shi ne tramol da ƙwayar barci ta kan tebur.

In munanan mafarkai da gudun mutane sun wuce wata guda, a je asibitin sansani. Magani ba allura kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin tattaunawa na zama biyar, mako-mako, wanda ko ba likita ba ana iya koya masa. Amma wanda ya ce gara ya mutu, ko ya daina cin abinci, ko yake jin muryoyi, yau za a kai shi, kuma ba a barinsa shi kaɗai. In fyaɗe ne, a kai ta cikin awa 72, don maganin kariya daga cutar ƙanjamau. Ki raka ta da ƙafarki, ki nemi ma'aikaciya mace, sirrinta kuma ya tsaya tsakaninku.