Ɗaukar Hoto a Yawon Hawan Tsauni na Wuni Guda

Ka fita da sassafe, domin hasken sa'ar farko bayan fitowar rana yana fito da tsagin duwatsu sosai. Da tsakar rana inuwa takan yi baƙi ƙirin, sama kuma ta yi fari fat.

Abin da ya fi ɓata hoto a hawa shi ne rawar hannu. Kana haki, kafaɗunka na motsi, hoton sai ya fito dishi-dishi. Ka tsaya minti biyu numfashinka ya daidaita, ka manna gwiwar hannu a jikinka. Idan madubin kyamararka na milimita 50 ne, kada lokacin da kyamara ke buɗewa don ɗaukar hoto ya wuce 1/125 na daƙiƙa. Idan haske ya yi kaɗan, ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a kyamara, zuwa 400 ko 800. Sama ta fi ƙasa haske? Rage hasken da ke shiga kyamara da mataki ɗaya, wato zuwa rabi, don wurin da ya ƙone fari ba ya gyaruwa a kwamfuta.

Kada ka canza madubi cikin iska, ƙura za ta shiga ciki ta bar ɗigo a kowane hoto. Batirin ajiya ya zauna a aljihun ciki, sanyin saman tsauni yana saurin shanye shi. Ruwa kuwa, ka tanadi kamar rabin lita ga kowace sa'ar tafiya.